Takardun da Modu Yake Ajiye Min

Ranar da na fara ganin Modu ruwa ake yi a Agege, irin ruwan Legas mai zuwa ba sallama. Yagana, ajiye wayar nan, ke kika ce in ba ku labari. Tunkiyar Inna aka sayar aka sa ni a mota, na sauka da ƙullin kayana, na fake a rumfar wani mai shayi. Ya dube ni ta cikin tururin tukunya ya ce, "Ke 'yar Potiskum ce."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Hausarki. Akwai harshen Ngizim a gindinta."

Ashe Modu ɗan unguwar Dogo Nini ne, a garinmu. Har yau idan hadari ya haɗu, ƙamshin citta nake ji.

Wanke-wanke nake yi a gidan abincin wata Bayarabiya, Iya Bose. Sunana Falmata ya gagare ta, sai Fatimo take kirana. Daga safe har la'asar "Oya! Oya!" take yi min, wai in yi sauri, kamar mai kora awaki. Kun san karatuna ba a aji na same shi ba, a takardun ƙunshe ƙosai na tsinta. Da Modu ya gane, sai ya riƙa ware min duk jaridar naɗe burodi da ke da labari. Rabi-rabi suke zuwa, ba farko ba ƙarshe. Ni nake ƙarasa su a raina, kuma kowane namiji a ciki da fuskarsa yake fitowa.

Sai wani sati Modu ya canza. Magana ba tsayawa, barci ya ƙaurace masa, ya rabar da burodinsa kaf, wai zai kafa rumfar shayi a kowace tasha daga nan har Damaturu. Muka yi ta dariya. Bayan nan rumfa ta rufe. Na same shi kwance ya juya wa ƙofa baya, ko wanka ya gagare shi.

Iya Bose ta ce, "Fatimo, mahaukacin nan ne saurayinki?"

"Ba shi da lafiya ne, Iya."

"Je ki wanke tukunya!"

Amma ita ta zuba masa farfesu, ita kuma ta kwatanta mana asibiti. Likitar ta ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa mai ɗaga mutum sama ya sake shi ƙasa. Ta ce magani yana riƙe shi, sai dai ba a dainawa don an ji sauƙi. Ya riƙa sha. A hankali Moduna ya dawo, har da takarduna.

Da muka dawo gida aka fara maganar aure. Hajja, mahaifiyarsa, ta ga ƙwayoyin a aljihunsa, ta ji tsoron kada danginmu su zo ganin gida su gani. Ta zuba su a masai, ta ce ai ya warke, ga rubutu ya sha. Ƙauna ce ta sa ta, ban taɓa riƙe ta a rai ba. Shi kuma kunyar musa mata ya ji.

Ba a yi wata ba aka gan shi a kasuwar shanu ba takalmi, yana taya kowane sa, wai duk sadakina ne. Baffana ya ce a mayar musu da kayansu na aure.

Sai da aka mayar da shi kan magani na roƙi Baffa ya raka ni dubiya. Muka tarar da shi a gindin darbejiya, ya rame, ya kasa ɗaga ido.

Ya ce, "Ki haƙura da ni, Falmata. Abin nan yana iya dawowa."

Hajja na kuka a bakin ƙofa, Baffa na kallon ƙasa. Na ji ƙamshin cittar nan daga inda ban sani ba. Muryar da ban san ina da ita ba ta fito.

"Baffa, na san ciwonsa tun a Legas, da sanina na zaɓe shi. Modu, maganinka a kan faranti zai zauna kusa da kofin shayi, inda kowane baƙo zai gani. Kullum ni zan miƙa maka. Ranar da ciwon ya dawo kuma, zai tarar da ni a gidan."