Rijiyar Gidanmu

A tashar Daura, wani dattijo mai jiran motar Kongolam ya leƙa takardun da malamin kusa da shi ke dubawa.

"Malam, sai zabga jan biro kake yi. Duk sun faɗi ne?"

"Hadda ce, Baba. Na ce kowa ya rubuta labarin gidansu da Turanci, aji guda suka kawo mini gida ɗaya. Shekara da shekaru suna gadon rubutun nan."

"Wane irin gida?"

"A Sandamu, mai shuɗiyar ƙofa, da tsamiya a waje, da rijiya a baya."

Dattijon ya juyo ya fuskanci malamin.

"Gidana ne. 'Yata Barakatu ce ta rubuta, shekarar da ta faɗa rijiyar."

"Allah ya jiƙanta. To, bana sun ƙara layi a ƙarshe. Na tsare su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse haka ya haddace shi."

"Me layin ya ce?"

"Wai har yanzu Baba bai rufe rijiyar ba, ga shi ƙanena ya fara tafiya."

"Shekaranjiya ya fara," in ji dattijon. Ya miƙe ya ɗauki jakarsa. "Ina motar Sandamu take?"