Farar Takardar 'Yar Tela

"Wai iska 'yarka take aunawa, Baba?" matar da ke kusa da tsohon telan a layin ganin likita ta tambaya, tana dariya.

"Da digirinta kuwa!" Ya daki ƙirji, tari ya sarƙe shi. "Farar takarda take sakawa a na'ura, ta rataye a tasha da kasuwa. Kwana bakwai ta koma baƙa ƙirin. Ta ce abin da huhunmu ke sha ke nan."

"Ikon Allah! A ina ta fi baƙi?"

Ya sunkuyar da kai. "A shagona, kusa da janareto."

"Kai, Baba! Kuma ba ka ji maganarta ba?"

Idanunsa suka ciko, ya yi murmushi. "Gardamar tsufa ce, 'yata. Amma yau janareton nan waje zai koma."