Ƙanƙarar Ikrima Ta Iso Sara

IKRIMA: Salamu alaikum. Safara'u?

SAFARA'U: Wa alaikumus salam. A'a, marubucin Birnin Kudu da kansa! Ina wuni, ɗan Kawu?

IKRIMA: Lafiya lau. Ya Gwaram? Ya Goggo?

SAFARA'U: Tana lafiya. Ya ɗalibai?

IKRIMA: Suna nan. Ya maigidan da yara?

SAFARA'U: Kowa ƙalau. Ya sanyi?

IKRIMA: Wane sanyi ana wannan zafin?

SAFARA'U: Na ɗauka har yanzu kana ƙasar ƙanƙara, wajen ƙattinka.

IKRIMA: Kin fara ko? To kin gama karanta littafin nawa? Asabar fa za ki yi sharhinsa a zauren makaranta, kuma wani mai ɗab'i daga Kano zai halarta. In kika kushe shi, shi ke nan.

SAFARA'U: Na gama. In faɗi gaskiya, ko ta taubasai?

IKRIMA: Gaskiya.

SAFARA'U: Ƙanƙararka ta firji ce.

IKRIMA: Ta Fir'auna? Layin na yankewa.

SAFARA'U: Firji! Ba ka taɓa ganinta tana zuba ba, kuma ana ganewa. Mutum ya kwana a kan dusar ƙanƙara, da safe ya miƙe ko mura babu. Sannan ga sunaye, kowanne sai an yi kaki kafin ya fito. Jarumin nan, Hal... Hal...

IKRIMA: Halvarin. Haka sunayen mutanen arewacin Turai suke, daga tatsuniyoyinsu na dā na ɗauko salon.

SAFARA'U: To Inna dai Halliru take ce masa.

IKRIMA: Wace Inna?

SAFARA'U: Kakarmu mana.

IKRIMA: Safara'u, ina kike yanzu?

SAFARA'U: Ina Sara. Na zo gaishe ta, na kwana biyu.

IKRIMA: Gidanmu? Innalillahi! Kin kai littafin gidanmu?

SAFARA'U: Ita ta ga ina dariya ni kaɗai, ta ce in karanta mata. Ka tsaya ka ji. Babin tsohuwar da dogon sanyi ya kashe wa shanu, ta zauna a garke tana kiran sunayensu, nan ne littafinka ya yi rai. Inna ta ce, “Wannan ai ni ce, shekarar ciwon shanu. Ashe yaron nan yana ji.” Har ta goge ido da mayafi.

IKRIMA: Allah sarki... Da gaske?

SAFARA'U: Wallahi. Haka zan faɗa ranar Asabar: duk inda ka ari sanyin wasu, labarin ya daskare, inda ka tuna gida kuwa, ya tashi. Ka rage yaƙin tsakiya, ka bar tsohuwar ta daɗe.

IKRIMA: Na ji, na gode. Amma don Allah ki ɓoye shi. Kin san halin kawunki Malam. Littafi cike da ƙatti da abubuwan bautar mutanen dā, a gidan da ake karatun allo? Bai ma san ina rubutu ba.

SAFARA'U: To... ai ya sani.

IKRIMA: Me kika ce? Ban ji ba!

SAFARA'U: Ka ji sarai. Jiya ina karanta wajen kerkecin da ya tsinke sarƙa, ashe yana tsaye a bakin ƙofa. Ya miƙo hannu, na ba shi.

IKRIMA: Kin kashe ni. Me ya ce?

SAFARA'U: Shigewa zaure kawai ya yi da shi. Yau ko darasin hantsi Yaya Muhyiddeen ya bar wa.

IKRIMA: Shi ke nan. Ki ce masa zan janye shi. Zan ƙona.

SAFARA'U: Faɗa masa da kanka, ga shi nan yana tahowa.

IKRIMA: A'a! Ki ce layi ya... Safara'u!

MALAM: Ikrima.

IKRIMA: Na'am, Allah gafarta Malam. Barka da yamma. An wuni lafiya?

MALAM: Lafiya. Na karanta abin nan naka. Ka rubuta a farkonsa cewa ƙage ne da tatsuniyar waɗansu mutane, kada yaro ya ɗauka aƙida ce.

IKRIMA: To, Malam. Insha Allahu.

MALAM: Sannan maƙerin nan da ya ƙera sarƙar. Mutumin kirki, mai riƙon amana. Me ya yi maka ka jefa shi teku?

IKRIMA: Malam... ai bai mutu ba. A littafi na biyu zai...

MALAM: Akwai na biyu?

IKRIMA: Na fara, ban yi nisa ba.

MALAM: Kada ka faɗa mini a waya. Ka taho da shi ranar Juma'a. Ke Safara'u, karɓi, ya ake kashe abin nan?