Ranar da Na Ƙi Ɗaura Rawani a Ingila

Ragon Inna anka sayar kasuwar Tawa, shi ne guzurina. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba na bi 'yan ci-rani daga Bambeye zuwa Sakkwato. Can na samu aikin dawaki gidan wani Bature likitan dabbobi, muna ce mishi Mai-Lofe. Da za shi koma ƙasarsu ya ce in bi shi, ƙanensa na neman wanda ya san doki. Ku bar dariya, yara, da ƙafar nan na taka Ingila.

Garin nasu tsohon garin kasuwa ne, sunansa har yau harshena bai iya ba. Ran Laraba ake kasuwar shanu, shanu ba tozo, kamar an zaune musu baya. Ga gadar dutse, ga kwale-kwalen haya, ga wani kangon gidan sarki bisa tudu, wai "kasul". Rufi babu, ƙyaure babu, amma baƙi daga nesa suke zuwa kallo. Ƙanen Mai-Lofe, Mista Jan, shi ke da keken dokin da ke kai su.

Tsohuwar da na sauka gidanta kuwa, kullum faɗa kan ruwan alwala.

"Wota! Wota!" tana nuna daɓe.

"Iya, salla ce."

"Wota!"

Har munka rabu ba mu wuce kalmar nan ba.

Wata safiya Mista Jan ya zo da jan rawani da takobin katako, Mai-Lofe na yi mana tafinta.

"Ya ce ka ɗaura, ka tsaya bakin kasul, baƙi su ɗauke ka hoto."

"Faɗa mishi doki na zo kora. Ni ba abin kallo ba ne."

"Ya ce ba ka jin Turanci, mi za ka gaya ma baƙi?"

"In na iya fa?"

"Linzami naka. In ka kasa, jirgin ruwa na jiranka."

Na aje rawanin bisa buhun ciyawa. Duk lokacin sanyin nan kashin doki na kwasa, yatsuna sunka farfashe har jini. Kullum ina zaune bayan tsohon mai keke, Tom, ina haddace maganarsa kamar karatun allo. Da ya gane, sai ya riƙa jan kalma a hankali sabili da ni.

Sanyi na wucewa anka ba ni keke cike da baƙi. Na miƙe na ce: "Ledis an jantilman, dis kasul beri ol!" Wato kangon nan tsoho ne ƙwarai. Sunka fashe da dariya. Ban zauna ba. Na kai su gada, na kai su coci, na nuna inda anka rataye ɓarayin tumaki, ban tsallake ko ɗaya ba. Da munka sauko, sai Mista Jan ya cire hularsa ta direba ya ɗora mini.

Shekara ukku na yi, na komo Bambeye da akwati da kwat, ina taƙama. Inna ta shafa hannuna ta ce na rame.

"Mi ka gano can?"

"Inna, mutanen da ke biya su kalli gidan da ya rushe."

"To ɗakina ma ya zube tun bara, ba wanda ya zo kallo. Tuɓe rigar nan ka kwaɓa ƙasa."

Na tuɓe.