Jiƙaƙƙen Takalmi a Filin Jirgin Varna

A ɗakin jira, wani saurayi ya nuna wa tsohuwar da ke gefensa talabijin.

"Kaka, kin ji? Kamfanonin jiragen waje sun kai wa gwamnati lissafi, fasinjoji sun ninka bana. Ci gaba ke nan!"

"Wane ci gaba? 'Ya'yanmu ne ke tafiya wanke-wanke Jamus. Duk wanda zai fita sai na watsa masa ruwa a bakin ƙofa don sa'a. Rijiyata ta kusa ƙafewa."

"Haba! Baƙi ne, 'yan yawon shaƙatawa."

Ta dubi ƙafarsa.

"To baƙo, wa ya jiƙa maka takalmi?"

"Mama ce. Bokiti guda ta juye."

"Je ka, ɗana. Baɗi kai ne ci gaban."