Kwalbar Mai a Hannun Hagu

A tashar Konni, Zuwaira tana jiran motar Illela ta cika, sai ta ciro kwalbar man shafawa ta danna kan kwalbar. Wani tsoho da ke gefenta a kan benci ya zuba wa kwalbar ido.

"Ɗiyata, wanga abu ba a buɗe shi?"

"Ba a buɗewa, Baba. Dannawa ake, mai ya fito."

"To mi ke tura shi sama, ga shi da kauri?"

"Akwai ɗan bututu ciki har gindin kwalba. In ka danna ka saki, shi ke jawo man."

"In an zuba man kaɗe, zai hau?"

"Sai an narkar da shi, an haɗa da man gyaɗa."

"Ara mini in gani."

Ya maida hannun dama bayansa, ya karɓa da hagu. Zuwaira ta ɗaure fuska. Ya dasa kwalbar kan benci, ya danna da babban yatsa, man ya sauka a tafinsa.

"Haba Baba! Da hagu ake karɓar abu garinku?"

"Da dama ake, ɗiyata, har a Tajaye. Mai ɗakina ce hannunta na dama ya shanye tun bara. Ni ke buɗe mata gwangwanin mai, ita ko ta gwammace ƙafarta ta tsattsage da ta kira ni."

Ya sake dannawa da hagun, a hankali.

"Wanga ba sai ta kira kowa ba. Ina ake saida shi?"