Rubutun da Ke Cikin Jaka

Ina kan layi a shagon kwafin takardu, na ji wani mutum mai ƙatuwar jaka yana magana da saurayin da ke gabansa, wanda ke riƙe da shafin jarida.

"Ƙanena, sunanka ne a ƙasan wannan rubutu?"

"Sunana ne, yallaɓai. Shi ne na farko da aka buga mini."

"Tabɗi! Wa ka sani a gidan jaridar?"

"Ban san kowa ba. Adireshin edita na gani a shafin baya, na aika."

"Haka kawai? Shekara tara ina rubutu, ko layi ɗaya ba a taɓa buga mini ba. Kuma naka ɗin ma ban ga armashinsa ba."

"Ayya! Guda nawa suka ƙi karɓa?"

Mutumin ya gyara riƙon jakarsa.

"Ai ban aika ba tukuna. Ina kan gyara."

"To, ga adireshin, ka kwafa."

"Bar shi." Can kuma ya sassauta murya. "Da za ka aika, ba ka ji tsoron su ce bai yi ba?"

"Na ji mana. Sau huɗu suka ce haka."